Teburin Cin Abinci Na Gilashi: Hukuncinsa, Ladubbansa Da Abin Dubawa Kafin A Saya

  

Darasinmu na wannan fitowa zai tsaya ne a kan wani kaya da ya shigo gidajenmu, musamman a birane, har ya soma zama kamar dole a jeren amarya. Wato teburin cin abinci na gilashi mai zagaye, wanda ake kewaye shi da kujeru huɗu ko shida, wani ma har da ɗan faifan gilashi mai juyawa a tsakiyarsa. Wata za ta ce, ina ruwan mujallar addini da tebur? To ai da ruwanta, domin cin abinci ibada ne idan an gyara niyya, kuma wurin da ake cinsa nan ne makarantar farko ta 'ya'yanmu. Ban da wannan, kaya ne da iyaye ke zuba kuɗi masu yawa a kansa, wasu har da cin bashi, kuma kaya ne da zai iya yi wa yaro mummunan rauni idan ba a san irin wanda aka shigo da shi gida ba.

Shin ya halatta a ci a kan tebur?

Gaskiya ne Manzon Allah (SAW) a ƙasa yake cin abinci. Imam Bukhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA), wanda ya yi wa Annabi hidima shekara 10, cewa Annabi bai ci a kan hiwani ba, wato abin ɗora abinci mai ƙafafu irin na sarakuna da masu hali na wancan zamani. Da aka tambayi Ƙatada, wanda ya karɓo hadisin daga Anas, to a kan me suke ci, sai ya amsa cewa a kan sufura. Ita sufura shimfiɗar fata ce da matafiyi ke ƙunshe guzurinsa a ciki, idan lokacin ci ya yi a baza ta a ƙasa, kuma malaman lugga sun ce galibi zagayayya ce. Kin ga ke nan kewaye abinci a da'ira ba Turawa suka kawo mana shi ba, ƙafafu da kujeru ne kawai baƙi.

Amma rashin cinsa a kan tebur bai zama hani ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 Miladiyya, ya tattauna wannan mas'ala a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, a babin ladubban ci. Ya kawo cewa tebur yana cikin abubuwan da suka faru bayan Annabi (SAW), tare da rariyar tankaɗe da abin wanke hannu da kuma cika ciki. Sannan ya bayyana cewa ba kowane sabon abu ne abin hani ba, abin hani shi ne wanda ya ture wata sunna tabbatacciya, kuma tebur ba komai ba ne illa ɗaga abinci daga ƙasa don sauƙin ci. A cikin huɗun nan, cika ciki ne ya fi tsananta magana a kansa. Abin mamaki mu kuma sai mu kama muhawara a kan tebur, mu bar zancen cika ciki.

Saboda haka wadda ta shimfiɗa tabarma ko ledar cin abinci da niyyar koyi da Annabi da ƙanƙan da kai, tana da ladan niyyarta, kuma wannan shi ya fi kusa da tawali'u. Wadda kuma ta ci a kan tebur ba ta yi laifi ba. Kada mai tabarma ta kira mai tebur 'yar boko mai bin Yahudu da Nasara, kada mai tebur ta kira mai tabarma baƙauyiya. Akwai ma waɗanda kujera rahama ce a gare su, kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, da mai tsohon ciki, da wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa.

Shi gilashin kansa babu hani a kansa. Abin da ya tabbata a hadisin Huzaifa (RA) a Bukhari da Muslim shi ne hana ci da sha a kwanonin zinare da azurfa, kuma wannan hani ya haɗa maza da mata. Ƙafafun teburin da ake gani suna walƙiya kamar zinare kuwa galibi ƙarfe ne aka yi wa launi. Abin da za a kiyaye shi ne yanayin zama, domin Abu Juhaifa (RA) ya ruwaito cewa Annabi ba ya cin abinci a kishingiɗe. To kujera mai laushi takan ja mutum ya baje ya jingina kamar wanda zai yi barci. A koya wa yara su zauna sosai su fuskanci abincinsu.

Inda albarkar take

Babban abin da ya sa na ga darasin nan ya cancanci a yi shi, shi ne zancen haɗuwa. Abu Dawuda da Ibn Majah sun ruwaito daga Wahshi ɗan Harb (RA) cewa wasu sahabbai sun kai kuka suna ci ba sa ƙoshi, sai Annabi (SAW) ya tambaye su ko a rarrabe suke ci, suka amsa da e, sai ya umarce su su haɗu a kan abincinsu su ambaci sunan Allah, za a sa musu albarka. A hadisin Jabir (RA) da Muslim ya ruwaito kuma an nuna cewa abincin mutum 1 yana isar 2, na 2 yana isar 4, na 4 yana isar 8. Duk uwargidan da ke auna shinkafa a wannan zamani na tsadar abinci ta san wannan da idonta. Idan aka zuba wa kowane yaro nasa a kwano, wannan ya rage, wancan bai ƙoshi ba, ga ragowa an jagwalgwala ta tafi bola. Idan kuwa tire ɗaya aka kewaye, sai ki ga an tashi babu mai ƙorafi.

Ba wai ci a rarrabe haramun ba ne. Aya ta 61 a Suratun Nur ta ɗauke laifi daga mai ci tare da jama'a da mai ci shi kaɗai. Zancen falala ake yi. Annabi (SAW) yana da wani babban akushi da ake kira Algarra'u, wanda sai maza 4 ke ɗaukarsa, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Busr (RA). Sahabbai kan kewaye shi, ranar da suka yi yawa har Annabi ya durƙusa a kan gwiwoyinsa don wuri ya isa.

Mu ma Hausawa mun gaji ciyayya. Magidantan unguwa kan fito da kwanukansu zaure ko ƙofar gida bayan magariba, a ci na wannan a ci na wancan, wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ranar ya ci ya ƙoshi ba wanda ya sani. Mata su ma su haɗu a tsakar gida, yara kuma da nasu kwano. Abin da al'adarmu ta yi rauni a kansa shi ne cin miji da matarsa tare, saboda kunya. Alhali Nana A'isha (RA) ta ba da labari, a Sahihu Muslim, cewa takan sha ta miƙa wa Annabi ƙwaryar, ya sa bakinsa daidai inda ta sa nata. A hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas (RA) kuma an nuna cewa har lomar da miji ya kai bakin matarsa yana da lada a kanta. Yanzu kuwa ciyayyar zauren ta ja baya a birane, ba a kuma maye gurbinta da ta cikin gida ba. Maigida na ci a falo yana kallon labarai, saurayi ya shige ɗaki da farantinsa da wayarsa, uwargida kuwa a tsaye a kicin take ɗan tsakura.

A nan ne tebur mai zagaye yake da wata fa'ida ta gaske. Ba shi da kai ba shi da gindi, babu wanda aka jefa can ƙarshe, kowa yana ganin fuskar kowa, kuma nisan kowa da abinci ɗaya ne. Uwa za ta lura da yaron da ya rage ci, ta gane ko ba shi da lafiya ko wani abu na damunsa a makaranta. Uba zai ji muryar 'yarsa da ba ta cika magana ba. Amma ki shiga gidaje da yawa ki gani, teburin yana nan an ɗora masa fulawar roba da jerin kuloli da ba a taɓa zuba abinci a ciki ba, kujeru har yanzu da ledarsu, shekara 3 da biki. An mai da shi abin kallo. Irin wannan kam kuɗin da aka sa a ciki da injin markaɗe ko keken ɗinki aka saya wa yarinya da ya fi mata amfani. Mu tuna da abin da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito daga Sayyidina Ali (RA) game da kayan ɗakin Nana Faɗima (RA): mayafi ne da salkar ruwa da matashin kai da aka cusa wa ciyawar izhir. Ba ana cewa a koma haka dole ba ne, amma uwar da za ta ci bashi don kada dangin ango su ce ba a kawo tebur ba, ta sake tunani.

Faifai mai juyawa da ladabin ci daga gabanka

Faifan nan na tsakiya yana zaune ne a kan zoben ƙarfe mai ƙananan ƙwallaye a ciki, irin wanda makanikai ke kira boris. An fi saninsa da gidajen abinci na mutanen Sin, domin su a al'adarsu ana jera abinci kala-kala a tsakiya kowa ya ɗiba. Wani likita mai suna Wu Lien-teh, haifaffen Penang ta ƙasar Malesiya ta yau, wanda ya yi suna wajen yaƙi da annobar huhu da ta ɓarke a yankin Mancuriya a 1910 zuwa 1911, ya ba da shawara a 1915 cewa a riƙa ɗora abinci a kan faifai mai juyawa, kowane kwano da cokalin ɗibarsa, don kada kowa ya riƙa mai da tsinken da ya sa a bakinsa cikin abincin jama'a. Damuwarsa a lokacin tarin fuka ne, kodayake yau an san cewa ta iska wannan cuta ta fi yaɗuwa. Daga baya, a shekarun 1950, gidajen abincin 'yan Sin da ke San Faransisko ta Amurka suka yayata faifan, har ya zama ba a raba shi da babban tebur mai zagaye. Da cutar korona ta zo a 2020 ma, hukumomi a Sin sun sake kiran jama'a su koma amfani da cokalin ɗiba na musamman.

Su mutanen Sin suna da nasu ladubban a kansa. Babba ko baƙo ake fara juya wa abinci, kuma ba a juya faifai alhali wani yana cikin ɗiba. Mu kuma muna da namu da suka riga waɗannan. Huzaifa (RA) ya ce idan suna tare da Annabi (SAW) ba sa sa hannu a abinci sai ya fara, Muslim ne ya ruwaito. To sai a bar maigida ko babban da ke wurin ya fara. Daga nan a juya zuwa ga wanda ke damansa, domin Anas (RA) ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi madara, ga wani balaraben ƙauye a damansa, ga Sayyidina Abubakar (RA) a hagunsa, da ya sha sai ya miƙa wa na dama. A wani karon ma yaro ne a dama, dattawa a hagu, sai da Annabi ya nemi izinin yaron ko zai bari a fara ba su, yaron ya ƙi sarayar da rabonsa, aka kuma ba shi. Wannan darasi ne ga iyayen da ke ganin yaro ba shi da haƙƙi a wurin ci sai abin da aka rage.

Sai ladabin da kowa ya haddace tun yana ƙarami, na hadisin Umar ɗan Abi Salama (RA). Yana yaro a gidan Annabi, hannunsa na yawo a cikin akushi, sai Annabi ya koya masa abu uku cikin taushi: ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci daga abin da ke gabansa. Ki lura, agola ne, ɗan Ummu Salama (RA), amma a akushi ɗaya yake ci da mai gidan. Haka nan hadisin Ibn Abbas (RA) da Tirmizi ya ruwaito ya nuna albarka a tsakiyar abinci take sauka, don haka a ci daga gefe. Wata za ta tambaya, to idan na juyo faifai na ɗauko abin da ke gaban wani fa, ban saɓa ba? Amsa ita ce malamai sun bambanta tsakanin abinci iri ɗaya da abinci kala-kala. Idan tuwo ne ko shinkafa a tire ɗaya, kowa ya tsaya a gabansa, kada a rarake tsakiya, kada a bi nama har gaban wani. Idan kuwa iri-iri ne, ba laifi mutum ya nemi wanda yake so. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an yi rangwame hannu ya zaga a cikin kwanon dabino da makamantansa. Anas ma ya ga Annabi yana bin yankan kabewa a gefen akushi a gidan wani tela da ya gayyace shi. Faifai mai juyawa kuwa ya ma sauƙaƙa abin, tunda abincin ne ke zuwa gabanki, ba sai kin miƙa hannu ta saman farantin wani ba.

A hana yara mai da shi abin wasa. Juyi ɗaya da ƙarfi ya isa ya watsa miya mai zafi a ƙirjin ƙaramin yaro, domin tsayin fuskarsa daidai yake da bakin tebur. Kuma kada hannun ludayi ko marfin kula ya leƙo waje da faifan, zai kwashe kofuna idan an juya.

Wanke hannu kuma, don Allah a daina haɗuwa a roba ɗaya, na farko ya wanke a ruwa mai kyau na ƙarshe ya wanke a dauɗar kowa. A zuba da buta, da sabulu, ruwan yana gangarawa cikin wani mazubi. Kwalara da taifot ta hannu da ruwa marasa tsabta suke shiga ciki, kuma gidan da ake cin tuwo da hannu a kwano ɗaya ya fi kowa bukatar kiyaye wannan.

Wa zai zauna, kuma yaya?

Ga wani abu da masu sayarwa ba za su gaya miki ba. Teburin katako yana rufe ƙafafun mai zama, na gilashi kuwa ba ya rufe komai. Duk wanda ke zaune yana ganin cinya da ƙafar wanda ke fuskantarsa. Idan ke da maigida da 'ya'yanku ne, babu damuwa. Amma gidajenmu ba sa rabuwa da ƙannen miji da 'yan'uwansa da abokansa. An tambayi Imam Malik, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, game da mace ta ci abinci tare da wanda ba muharraminta ba, ya nuna ba laifi idan ta fuskar da aka saba ce, kamar tana tare da mijinta ko ɗan'uwanta, amma ya ƙi ta keɓe da namijin da ba muharraminta ba. Game da dangin miji kuwa, hadisin Uƙba ɗan Amir (RA) a Bukhari da Muslim ya yi gargaɗi mai tsanani, har aka kamanta ɗan'uwan miji da mutuwa, saboda shi ne ake sakaci da shi. Don haka idan zaman ya kama, a kammala sutura, zane ya sauka har ƙasa, a kuma shimfiɗa ƙyalle mai kauri a kan teburin. Mai shirin saye kuma tana iya zaɓen gilashi mai duhu ko wanda aka yi wa hazo ko fenti ta ƙasa. Idan baƙi maza ne, abin da muka gada ya fi kwanciyar hankali, a kai musu nasu su ci da maigida.

Surukai kuma kada a tilasta musu. Idan Hajiya ta zo ta ce ita a tabarma za ta ci, a shimfiɗa mata, jikoki su sauko su taya ta. Bai dace tana ƙasa ke kina bisa kujera kina miƙo mata kwano ba.

A gidan da ake da mata fiye da ɗaya, ko ake riƙon ɗan wani, tebur yakan tona abin da ke cikin zuciya. Kujeru 6 ne, yara 9, su wa za su hau? Idan kullum 'ya'yan mai girki ne a sama, 'ya'yan abokiyar zama ko marayan da ake riƙo suna ƙasa, to yaran suna gani kuma ba za su manta ba. Gara a sauko gaba ɗaya a kewaye tire a ƙasa. Haka 'yar aikin da ta sha hayaƙi da zafin wuta. Abu Huraira (RA) ya ruwaito umarnin Annabi cewa idan mai hidima ya kawo abinci, in ba a zaunar da shi an ci tare ba, to a ba shi loma ɗaya ko biyu daga ciki, domin shi ya sha wahalar dafa shi. Daga cikin abincin aka ce, ba ƙanzo da ragowar yara ba.

Gilashi iri-iri ne

Nan ne nake so a natsu, domin nan haɗarin yake. Kusan duk gilashin shimfiɗe da ake amfani da shi yau ana yin sa ne ta hanyar da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana a 1959, inda ake kwarara narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, irin wadda aka san Jos da haƙarta, ya kwanta sumul. Wannan shi ne gilashin taga na yau da kullum. Idan ya fashe yakan tsage dogo-dogo masu kaifi kamar wuƙa, kuma shi ne ke yanke jijiya. Irin wannan bai dace da teburin gidan da ke da yara ba ko kaɗan, komai kaurinsa.

Wanda ya dace shi ne gasasshen gilashi. Bayan an yanka shi an goge bakinsa, sai a mai da shi cikin wuta har zafinsa ya haura digiri 600, sannan a huce shi farat ɗaya da iska mai ƙarfi. Wannan yakan sa bayansa ya ɗaure tamau, ƙarfinsa ya ninka na gilashin taga kamar sau 4 zuwa 5. Idan kuma ya fashe sai ya ruguje ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa. Duk wadda ta taɓa ganin gilashin ƙofar mota ya fashe ta ga irinsa. Akwai kuma mai ninki biyu da aka manna wata leda a tsakaninsu, irin na gaban mota, wanda ko ya tsage ba ya zubewa.

Yaya za ki gane gasasshe? Da farko ki duba gefe, masana'antu da yawa sukan buga ɗan tambari da ba ya gogewa, mai ɗauke da kalmar Tempered ko Toughened, na Turai kuma da lamba EN 12150. Na biyu, idan aka kalle shi a hasken rana da tabarau irin mai kashe ƙyalli, akan ga wasu tabo-tabo ko layuka masu duhu a jikinsa. Na uku kuma ya fi sauƙi. Ki tambayi mai kaya ko zai iya rage miki faɗinsa ko ya huda shi. Idan ya ce zai iya, to ba gasasshe ba ne, domin gasasshen gilashi ba ya yankuwa, da an sa masa abin yanka zai tarwatse. Teburin da aka haɗa a gida, kafinta ko mai walda ya yi ƙafa aka je wurin masu yankan gilashi aka yanko masa sama, galibi gilashin taga ne, sai fa in an aika an gasa shi bayan yankan. Araha ba ta ado a nan.

Shi ma gasasshen yana da lagonsa, wato bakinsa. Tsakiyarsa na jure nauyi da bugu, amma idan gindin tukunya ko kujerar ƙarfe ta daki gefensa yana iya rugujewa nan take, ko ya yi ɗan ɓalli ya jira wata rana. Wani lokaci kuma, ba kasafai ba, yakan fashe shi kaɗai cikin dare ba wanda ya taɓa shi. Dalili shi ne wata 'yar ƙwayar sinadari mai ƙarfen nikel da takan maƙale a ciki tun daga masana'anta, tana kumbura a hankali har ta fasa shi bayan watanni ko shekaru. Na faɗi wannan ne musamman don kada ranar da haka ta faru a ce aljanu ne, ko a ɗora wa kishiya ko maƙwabciya zargin sammu, ko a kama 'yar aiki da duka. Zato zunubi ne, kuma abin yana da bayaninsa.

Kauri kada ya gaza milimita 10 ga teburin da gilashin ne kaɗai a kan ƙafa, babba kuwa 12 ya fi. Ki san kuma abu ne mai nauyi. Mai faɗin santimita 120 da kaurin milimita 10 ya kai kilo 28, mai faɗin 150 da kaurin 12 kuwa ya kai kilo 53, ya fi buhun siminti ke nan. Da yawa ɗora su kawai ake yi a kan 'yan robobi masu mannewa, ba a ɗaure su da komai ba. Idan yaro ya rataya a baki ɗaya, ko babba ya dafa da ƙarfi zai tashi, gilashin na iya ɗagowa ya zame. Kafin ki biya, ki danna gefen da hannu biyu ki gani ko yana motsi. Mai ƙafa ɗaya a tsakiya ya fi ba da sararin zama, amma sai gindinsa ya zama mai faɗi da nauyi. Wanda aka manna wa faifan ƙarfe ta ƙasa aka ɗaure da noti ya fi aminci.

Awo da kulawa

Kowane mai ci yana bukatar kamar santimita 60 na bakin tebur. Mai faɗin 120 zai ɗauki mutum 4 zuwa 5 a sake, 6 a matse. Mai 150 zai ɗauki 6 zuwa 7, mai 180 kuma 8 zuwa 9. Daga 150 zuwa sama hannu ba ya kai wa tsakiya, nan ne faifai mai juyawa yake zama bukata, a ƙaramin tebur kuwa cin wuri kawai yake yi. A bar aƙalla santimita 30 tsakanin bakin faifan da bakin tebur don faranti ya zauna. Sannan a bar kamar santimita 90 tsakanin tebur da bango ta kowane gefe don jan kujera. Ma'ana tebur mai faɗin 150 yana son fili mai mita 3 da santimita 30 ta kowace fuska. A auna ɗakin amarya da igiya ko tef tun kafin a je kasuwa, domin sau da yawa ranar jere ake gane ba zai shiga ba, a ƙare da tura shi lungu a jingine da bango, rabin kujerun ba mai iya zama a kansu.

Kada a sauke tukunya daga wuta kai tsaye a kansa. Faifan kaba namu na gargajiya ya isa ya raba tsakaninsu, kuma yana hana ƙarar kwano. Lokacin hunturu kada a goge ƙura da busasshen tsumma, domin ƙurar tana ɗauke da yashi, shi kuwa yashi ya fi gilashi tauri, zai bar masa zane-zanen da ba sa fita. A fara ɗauke ta da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, sannan a bi da ruwan da aka ɗiga wa khal ko lemon tsami, a tsane. Soson ƙarfe bai da wuri a nan. Masu goge gilashi da tsohuwar jarida kuma su duba takardar tukuna, jaridunmu ba sa rasa aya ko sunan Allah a ciki. A goge ƙasan gilashin ma, nan yara ke shafa hannun miya, kuma ta sama ake ganinsa. Da zarar an ga ɓalli ko tsaga a baki, a daina amfani da shi har a sauya.

Idan tsautsayi ya faru ya fashe, a fara fitar da yara, a sa takalmi, a share, sannan a bi ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma a yar da shi. Abincin da ke kai a zubar ko da ba a ga komai a ciki ba, a kuma ƙunshe fasassun a kwali kafin a kai bola saboda almajirai da masu tsintar kaya. Wanda ya yanke a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga hannun ko ƙafar sama. Kada a zuba toka ko ƙasa ko fetur a ciwon. Idan wani babban yanki ya nutse a jiki kada a zare shi, a danne gefe da gefensa a garzaya asibiti, a kuma tambayi ma'aikatan lafiya ko akwai bukatar allurar rigakafin sandarewar jiki, wadda ake kira tetanus.